Rafin Kukoki a Kan Tuwo

Kusan duk Bahaushen Utaibiyya, unguwarmu a Makka, ya san Rafin Kukoki, amma babu wanda ya taɓa ganinsa. Aikin Malam Yusha'u ne, maƙwabcina mai gyaran famfo. Shekara arba'in ke nan da ya baro ƙauyensu a ƙasar Sakkwato, har yau bai daina zancen rafin garinsu ba.

Kada ka kuskura ka zauna cin tuwo da shi kana jin yunwa. Sai ya tula tuwon, ya tsiyaya miya a kai.

"Wanga shi ne Tudun Barewa," in ji shi. "Ruwan da ya gangara gabas na mutanen hayi ne. Wanda ya yo yamma, namu na."

Sannan ya zana da yatsa koramu ukun da ke shayar da rafin: Mai Yashi, Jan Ruwa, da 'Yar Gajera, wadda ko akuya tsallake ta take yi. Kafin su haɗu a fadama, tuwo ya yi sanyi ƙalau.

'Yarsa Nuriyya, haifaffiyar Makka, ta taɓa duba taswira a waya. "Ya Baba, wallahi ma fi, babu shi. Ciyawa ce kawai."

Ya ce ai mai taswirar da rani ya je. Muka yi ta dariya. Amma na san abin da ke cinsa a rai: sa'o'insa sun ƙare, kuma yana tsoron ranar da ya tafi babu mai sake kiran sunayen nan.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Ya tashi, sai dai kalmomi suna kuɓuce masa. Wata Juma'a na je dubiya, aka kawo tuwo. Ya tsiyaya miya da hannun hagu.

"Mai Yashi," ya ce. "Jan Ruwa."

Yatsan ya tsaya. Ya dubi tuwon, ya dube ni. Ni da na ji sunan sau dubu, na nema na rasa. Kunya ta kama ni, tausayinsa ya cika mini ciki.

Nuriyya ta ajiye butar shayi ta durƙusa.

"'Yar Gajera, ya Baba. Kuma ka karkatar da ita, ta bayan fadama take bi." Ta sa yatsa ta gyara hanyar miyar.

Ya dube ta. "Ba ke kika ce babu shi ba?"

"A waya na ce. Yalla, ci kafin ya huce."