Bokitin Ƙasar Malama Ganye

Yayata ta yi shekara ashirin da takwas tana koyar da ilimin halittu a sakandare, kuma abu guda ne ke tayar mata da hawan jini: yaro ya ce shuka ƙasa take ci. Za ta yi bayani har muryarta ta dishe, cewa ganye ne ke haɗa abinci da hasken rana da ruwa da iska. Su haddace, su rubuta, su ci jarrabawa. Ka tare su a bakin ƙofa ka tambaya, su ce maka ƙasa. Har suna suka laƙaba mata, Malama Ganye, ita kuwa ko a jikinta.

A zangonta na ƙarshe kafin ritaya ta rantse sai aji ɗaya ya gani da idonsa. Ta shanya ƙasa ta bushe, ta auna kilo goma a gaban yara, ta zuba a bokiti, ta shuka masara, ta ajiye a bayan ɗakin gwaji. In masara ta girma ƙasa ba ta ragu ba, magana ta ƙare. Ni ke kai ta a babur ranar hutu don ta ba bokiti ruwa, ina mita tana share ni. Da ta ga ƙasar ta ɗan yi ƙasa, ta ɗauka ruwa ne ya kwantar da ita.

Bayan wata uku masara ta fi ta tsawo. Ta tuge ta, ta kakkaɓe saiwar, ta sake shanya ƙasar. Ranar awo ta ɗora a sikeli tana murmushi. Kilo bakwai.

Aji ya kaure da ihu. Wata ɗaliba ta ce, "Malama, ai ga shi nan, ta cinye kilo uku!"

Mai kula da lambun makaranta ne ya faɗa mata gaskiya, yana sunkuyar da kai. Shugaban makaranta ne ya sa shi ya ɗebi ƙasar ya cika tukwanen furen ofis, saboda baƙi za su zo. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Makaranta guda cike da ƙasa, sai ta bokitin nan!

Ta faɗa ofis ko sallama babu.

"Ranka ya daɗe, ka san abin da ka yi mini? Kwana huɗu ya rage mini a aikin nan. Masara tana girma a kwana huɗu ne?"

Ya ɗago a hankali, ya gyara tabarau.

"Haba Malama, a kan ƙasa kike wannan faɗan? Na ga ƙasarki ta fi kyau ne. Furannin nan ma ai sai sun ci za su girma."

Ta dube shi. Shi ma ɗalibinta ne, a shekararta ta biyu da fara koyarwa.