Cuku a Ɗakin Ordinater

A ƙarshen shekarun casa'in aka kawo ordinater, wato kwamfuta, guda ɗaya ɗakin karatu na Gure, aka ce ta kowa ce. Lokacin ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, ana ce mini Mushe kamar kowane malami, kuma burina in adana tatsuniyoyin kakata tun tana iya tuna su, don ta tsufa tukuf. Ta faɗa in rubuta a takarda, washegari in je in buga. Takardar da na gama da ita sai in ba mai ƙosai ta naɗe kaya, wai ni na'ura ba ta mantuwa. Wautata ke nan.

Mai kula da ɗakin wani dattijo ne. Ya jiyo a Damagaram cewa cuta tana shiga ordinater ta disket, ɗan faifan da ake kwafe aiki a kai. Shi ke nan ya liƙe bakin wurin sa disket ɗin da ƙaro.

Na ce, "Baba, don Allah bar ni in kwafe aikina."

Ya ce, "Mushe, ba za ka kwaso mini annoba ba. Je ka wanke hannu tukuna."

Mai sa mutane wanke hannun nan fa, shi ya mai da ɗakin rumbu, don nan kaɗai ke da na'urar sanyi. Cukun da danginsa ke aiko masa daga Alakos, man shanu a kwalba, buhun dabino, duk ƙarƙashin teburin. Ƙarni kamar gindin ƙwaryar nono. Tir! Haka nake bugu ina toshe hanci.

Wata safiya na'ura ta ƙi tashi. Da mai gyara ya zo ya kwance ta, wallahi sai da na fita na yi amai. Ɓera ya yi sheƙa a ciki, ga kashi, ga guntun cuku ya yi funfuna, kyankyasai na watsewa ta ko'ina. Fitsarin ɓeran ya cinye komai, mai gyara ya ce ko harafi ɗaya ba zai fito ba.

Na tafi gida raina a ɓace, na zauna gaban kaka, na ce, "Iya, sake mini tatsuniya ta farko."

Ta daɗe tana dubana, sannan ta tambaye ni ko ni ɗan gidan wane ne.