Jan Fam ɗin Kakata

Kakata tana da gwangwanin shayi da ba mai taɓawa. Cikinsa akwai takardar fam ɗaya, ja, irin ta Najeriya ta da, wadda kakanmu ya ɗinke a bakin rigarsa sa'ad da suka taso hajji. Ta ce kuɗin motarta ne na komawa gida. Mu da aka haifa a Jidda mun san an daina karɓar fam tun kafin a haife mu, amma ba wanda ya gaya mata.

Ni sai da furfura ta fito mini na shiga ajin koyon karatu. Daga nan na zama mai karanta duk allon da na gani a hanya, ko da direban tasi yana danna mini oda. Haka wata rana a Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, na tsaya gaban wani ɗan shago, na haɗa baƙaƙen a hankali: ana sayen tsofaffin kuɗi. Na nuna wa mai shagon hoton fam ɗin da na ɗauka a waya wata rana da ta fito da shi. Ya faɗi farashin da ya isa ya gyara mana na'urar sanyaya ɗaki da ta mutu. Ya ce amma in kawo shi yadda yake, kada a taɓa.

Na koma unguwarmu, Kurayyat, da tsarabar dabino.

"Amaryata," na ce, "fam ɗin nan ya gaji da zama. Ki bar shi ya sha iska."

"Kai, mijin banza! Yaushe rabon da ka kawo cefane? Yau ka zo da dabino, ashe gwangwanina kake zawarci."

Na bi ta da lallashi kusan mako guda. Na yi mata zancen zafi, na yi mata zancen gumin da take yi. Na kuma gaya mata sharaɗin mai shago. Ran nan ta ce, "Halas, shi ke nan, gobe ka zo ka ɗauka."

Da safe ta miƙo mini shi cikin hankici. Ta wanke shi da sabulu, ta sa masa sitati, ta goge da dutsen guga, ta turara shi da turaren wuta. Jan ya koma kalar ruwan kankana.

"Kaka, me kika yi?"

"Ka taɓa ganin an kai kaya kasuwa da dauɗa? Yalla, tafi."

Na tafi. Mai shagon ya ɗaga takardar, ya shinshina, ya yi atishawa, ya mayar mini.

Da na dawo ko tambayata ba ta yi ba. Gwangwanin yana buɗe a cinyarta tun kafin in cire takalmi. Ta karɓa, ta ninke, ta rufe.

"Ni ma na san ba ya sayen ko ruwa," ta ce. "Amma da shi aka kawo ni. Miƙo mini maficina, ka zauna ka yi mini fifita."