Mayafin Anti Barci

A asibitin dabbobi Anti Barci ake ce mata, har likita ya manta sunanta na yanka. Ita ke yi wa kare allura ya kwanta, ta tsaya a kansa tana duba numfashi har a gama ɗinki, sannan ta tashe shi a hankali. Ta tsufa a wannan aiki, ba miji ba ɗa, sai ɗaki guda a bayan kanti da rediyo mai tari.

Doka ɗaya gare ta: duk mai kare ya bar mata rigar da ya cire bai wanke ba. Kare in ya farka cikin ciwo bai ji warin mai shi ba, sai ya firgita ya yi ta zillo har ɗinki ya ɓalle. Abin da ke ci mata rai, ita ce fuskar farko da karnukan suke gani, amma ko kallo ba ta ishe su ba, riga suke nema.

Wata safiya wani magidanci ya kawo tsohuwar karya mai ƙari a bayan tumbi, a gaɓar da ke daidaita sukarin jini. Aiki ne mai zafi, sukari kuma na iya faɗuwa ana tsaka da shi.

"Ina rigar?" in ji Anti.

"Ta Baba ce karyar, Anti, ya rasu. Kayansa duk mun rabar."

"Taka fa?"

"Ni ai haushi take mini," ya faɗa da 'yar kunya.

Aka yi aiki. Anti ta sa mata ruwa mai sukari, ta ba ta maganin zafi tun kafin zafin ya iso. Da karyar ta fara motsi, sai rawar jiki, ƙafafu na shure-shure, ido na neman ƙofa. Anti ta rasa abin yi. Ta cire mayafinta ta tura mata ƙarƙashin haɓa.

"Yi haƙuri, 'yar tsohuwa, shi kaɗai gare ni."

Karyar ta shinshina, ta sake shinshinawa, sannan ta ɗora kai ta yi ajiyar zuciya. Anti ta ji hawaye ya zo mata, ta ce wa likita warin magani ne.

Da aka sallame su, karyar ta riƙe mayafin da haƙora ta ƙi saki. Magidancin ya kama zai fizge.

"Bar mata," in ji Anti. "In za a kawo ta cire zare, a zo da shi. Kada a wanke."