Sunan da Ke Hannun Makaɗi

A tashar bas ta Glenwood, wani tsohon Bature na zaune kusa da Abarta. Furfura har kafaɗa, rigarsa mai ƙyalƙyali duk ta koɗe, yatsunsa na bugun gwiwa ba hutawa, kiɗa sosai, ba kuskure ko ɗaya. Ya ce daga Ingila yake, shi ke kaɗa wa wata ƙungiyar rok ganguna zamanin da maza ke hawa dandali da kwalli da takalma masu tudu.

Ya dubi katin aikin da ke ƙirjinta. "Me sunan nan ke nufi, 'yata?"

"Yara uku Mamata ta binne kafin ni. Da na zo, Kaka ta roƙi Allah ta ce a bar ta. Kai fa, Baba?"

Yatsun suka tsaya. Ya miƙo hannu, ga robar asibiti ɗaure a wuyan hannun, da suna a jikinta. Wataƙila wata uwa ta zaɓa masa shi da dalili, ta kuma tafi da dalilinta.

"Desmond," ta karanta.

Ya waiga don ya ga wanda ake kira.

Bas ta zo ta wuce, Abarta na riƙe da hannunsa.