Motar da Ba Ta Numfashi

A layin masu gyaran mota, in ka ce Baba Dalma, kowa zai nuna maka rumfar ƙarshe, wadda hayaƙi ya mai da kwanonta baƙi ƙirin. Sunansa na yanka kuwa matarsa kaɗai ke riƙe da shi, ita ma sai ranta ya ɓaci take fito da shi. Tun yana saurayi lagireto yake gyarawa, wato tankin ruwan nan mai ƙananan bututu da ke bayan ragar gaban mota, wanda ke hana inji ƙonewa. Dalmar da yake narkawa yana toshe ɓula da ita ce ta ba shi suna, ta kuma bar masa tabo a kowane yatsa.

Yana da wata al'ada da duk layin ya san shi da ita. In an kawo mota ba ya tambayar mai ita komai, don a cewarsa masu mota duk bakinsu ɗaya, kowa sai ya rantse jiya lafiya lau take. Sai ya ce, "Matsa in ji numfashinta." Ya tsugunna a gabanta, ya kai tafin hannu bakin raga, ya karkata kai. Daga ɗumin da ke dukan hannunsa da yadda fanka ke zuƙar iska yake gane inda ciwon yake. In kuwa babu ɗumi babu ƙara, to motar a kashe take, ko kwanciya ka yi a gabanta ba abin da zai same ka. Wannan ƙa'ida ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, idon Baba Dalma ya daɗe da kama hanya. Daga gefe ya fara cinyewa, sannan tsakiya ta koma dishi-dishi, har mutum in ya tsaya a gabansa ba ya ganin komai sai inuwa mai murya. Ya taɓa zuwa wurin likita a ɓoye. Likitan ya haska masa fitila, sannan ya ce abin da ya tafi ya tafi, sai dai a lallaɓa saura. Maganin ɗigawar da aka ba shi a cikin gwangwanin dalma yake ɓoye shi. Aiki kam bai tsaya ba, domin hannu ya riga ya haddace. Yakan tsoma lagireto a bahon ruwa ya hura masa iska, kumfar da ke tasowa ya ji ta a bayan hannunsa, ya ɗora yatsa daidai kan ɓular.

Me ya sa bai faɗa wa iyalinsa ba? Saboda wata kujerar roba mai hannu da ke barandar gidansu. Yayansa, direban babbar mota ne da ya sha gari-gari, shi ma idonsa ya mutu. Ranar da aka gane, cikin ƙauna da tausayi aka karɓe makullinsa aka zaunar da shi a kujerar nan. Ana kawo masa abinci, ana kai shi bayan gida, ana yi masa magana da ƙarfi kamar kunnen ne ya lalace. Mutumin da muryarsa ke cika unguwa ya yi ta ƙanƙancewa har aka wayi gari babu shi. Kujerar tana nan, matar Baba Dalma na shanya tsumma a kanta. Shi ko wucewa zai yi, sai ya raɓa ta nesa.

Tsakanin inda motar haya ke sauke shi da layin gareji akwai titi mai faɗi, kuma da kunne yake tsallaka shi. Yakan tsaya a baki kamar mai gyara hula, alhali saurare yake. Ya san kukan tsohuwar bas, ya san gurnanin tirela, ya san ƙaramar motar da direbanta ke sauri don ya makara. Da ya ji rata, sai ya ratsa da takun ƙasaita, hannu a baya. Matasan layin har cewa suke Baba ko kallon titi ba ya yi, tsabar sabo.

A gefen da motar haya ke sauke shi akwai wani ɗakin sayar da sababbin motoci mai bangon gilashi, inda autarsa ke aiki. Auta mace ce mai kaifin baki da kaifin ido, ita ke zagayawa da masu saye tana yi musu bayani. Wata safiya tirela ta sauke mota a lulluɓe da baƙin ƙyalle tun daga sama har taya, aka tura ta tsakiyar ɗakin aka kewaye da igiya. Aka ce mai lantarki ce, kuma ba za a buɗe fuskarta ba sai ranar da kamfani ya sa.

Ai sai layin gareji ya samu abin yi. Aiki ya koma rabi, musu ya cike sauran. Kullum da rana ana taruwa a bencin rumfar Baba Dalma, kowa na zana gaban motar da bakinsa.

"Ni na leƙa ta gilashi," in ji Mai Fenti. "Ƙyallen ya kwanta sumul a gaba, ko lotsawa babu. Wallahi ba ta da baki."

"Za su yi mata na ƙarya," in ji Dogo mai gyaran wayoyin lantarkin mota, wanda tun da aka ce lantarki yake tafiya yana buɗa kafaɗa. "Raga ta ado, a toshe ta ciki. Wa zai sayi mota fuska kamar sabulu?"

"Fitilar fa? An ce siririya ce, layi ɗaya daga wannan kunne zuwa wancan."

"To in ba inji a gaba, me ke cikin bonet?"

"Akwatin kaya. Nan za ka sa buhunka."

Mai Faci, wanda sa'an Baba Dalma ne kuma abokin tsokanarsa, ya kwashe da dariya. "Ni dai ko da ruwan sama take tafiya, taya taya ce, ƙusa kuma ba ta san lantarki ba. Kai ne abin tausayi, Dalma. Ba baki, ba lagireto. Sai ka fara koyon kiwon kaji."

Aka yi dariya, shi ma ya taya su. Da suka ga ya yi shiru daga baya, sai suka ɗauka sana'arsa yake jimami, Mai Fenti har ya dafa shi ya ce tsofaffin motoci ba za su ƙare a zamaninsu ba. Ba su san ba wannan ne ke damunsa ba. Tambaya ɗaya ya yi, da murya kamar ba ta dame shi ba.

"Dogo, in ba ta da baki, ta ina take ƙara?"

"Ƙara? Baba, ai ba ta yi. Sai dai ka gan ta a kanka."

Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro. Da yamma da ya zo tsallakawa, ya ji rata sarai, amma sai da ya bar ta ta wuce, ya bar ta biyu ma, yana tambayar kansa ko shirun nan shiru ne na gaskiya.

A gida ya fara yi wa Auta bugun ciki. Tana cire takalmi a bakin ƙofa ya ce, "Wai motar nan taku, ya fuskarta take?"

"Baba, ko mu ba a buɗe mana ba. Manaja kaɗai ya gani, shi kuma ya kama bakinsa."

"Ko 'yar ƙaramar raga babu a ƙasa? Abu ai sai ya sha iska."

"Ka ji Baban Auta," in ji matarsa daga kicin. "Ko lokacin da zai aure ni bai yi wannan binciken a kan fuskata ba."

Auta ta yi dariya ta ce ranar buɗewa ya zo ya gani da idonsa, za ta ajiye masa wuri a gaba. Ya ce to. Kalmar nan ta "da idonsa" ta daɗe tana yi masa yawo a ciki.

Ranar ta zo, da hantsi. Ya sa rigarsa mai kyau, ya tsaya inda Auta ta tsayar da shi, kusa da igiya. Aka yi jawabai masu tsawo, aka sa kiɗa, sannan ya ji ƙarar ƙyalle ana ja, jama'a suka ɗauki tafi. Shi abin da ya gani wani farin dunƙule ne da zaren haske a gicciye. A bayansa ya ji Mai Fenti na cewa, "Ban faɗa muku ba? Sumul!" Dogo kuma na cewa a duba ƙasa da kyau. Baba Dalma ya gyaɗa kai kamar mai nazari, ya ce ba laifi, alhali bai san abin da yake yabawa ba.

Bayan an watse zuwa wurin lemo, aka fitar da motar filin da ke gaban ɗakin don masu son gwadawa. Ya bi farin dunƙulen a hankali har ya iske shi tsaye a rana. Ya kasa kunne, babu ƙara. Ya matsa ya miƙa hannu, babu ɗumi. A kashe take ke nan. Ya ga kamar wani abu na motsi a bayan gilashin gaba, ya ɗauka walƙiyar rana ce. Sai ya tattare rigarsa ya tsugunna, yadda ya saba yi wa kowace mota, ya fara shafa fuskarta.

Santsi ne kawai, da sanyi, tun daga wannan gefe har wancan. Yatsunsa suka yi ta neman inda za su shiga, babu. A tsakiya, daidai inda baki ya kamata ya kasance, ya taɓa wani ɗan ƙaramin gilashi mai zagaye kamar maɓallin riga. Yana cikin murza shi yana tunanin ko mene ne, sai fuskar ta taho. Ba gurnani, ba gargaɗi, kawai ta turo ƙirjinsa. Ya faɗi zaune, ya ji bambar motar a kan gwiwarsa. Sai wani ƙara mai tsini ya tashi daga cikin motar, ta tsaya cak da kanta.

Ƙofofi suka buɗe. Mutumin da ya shiga gwada motar na ta salati yana rantsuwa bai ga kowa ba, shi dai an ce ya saki birki ya saki. Dogo ya iso da gudu yana cewa idon motar ne ya hango shi, wannan ɗan gilashin na gaba, ba don shi ba da an yi ta'asa. Baba Dalma na zaune a ƙasa ya ji abin da aka ce. Motar ta gan shi, shi bai gan ta ba.

Hannun da ya ɗaga shi na Auta ne, ya gane turarenta. Ita ce a kujerar gefen direba. Ta karkaɗe masa riga, ta duba gwiwarsa, ta sallami jama'a da cewa ba komai. Sai da suka rage su biyu ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, na ɗaga maka hannu ta gilashi. Kana kallona. Na yi maka alama ka matsa, na juya ina yi wa mutumin bayani, na ɗauka ka matsa."

"Rana ce ta haske gilashin."

"Wace irin riga ce a jikina?"

Ya san kayan aikinsu, shi ya raka ta wurin tela lokacin da ta fara. "Shuɗiya mana. Wace irin tambaya ce wannan?"

Sai ya tuna da safe ya ji tana gaya wa uwarta yau duk farare aka ce su sa. Ya ji numfashinta ya sauya, ya san kuka take yi ba sauti. Ya zare hannunsa daga nata ya ce aiki na jiransa, ya juya ya nufi titi da takunsa na kullum, hannu a baya.

A bakin titi ya tsaya ya karkata kai. Bas ta wuce, tirela ta wuce, wata ƙaramar mota ta bi su. Sannan rata ta zo, shiru mai faɗi, irin wanda da can yake ratsawa ko tunani babu. Ya ɗaga ƙafa, ƙafar ta ƙi sauka. Wa ya san abin da ke tahowa a cikin shirun nan, sumul, ba baki? Rata ta rufe, wata ta buɗe, ita ma ya bar ta. Daga can hayi yana jin bugun gudumar Mai Faci, ga rumfarsa nan kusa, ga lagireton da ya bari a baho.

Sai ya yi magana, bai kuma juya ba.

"Auta, kina nan?"

"Ina nan, Baba."

Ashe tun ɗazu tana bayansa. Ya sa hannun hagu a aljihu ya damƙe makullin rumfarsa har ya ji haƙoransa na shiga tafinsa. Sannan ya miƙa mata na dama.

"Kama ni," ya ce. "Amma gareji za ki kai ni."

Ta kama shi a gwiwar hannu, a hankali, daidai yadda ake kama yayansa a da.