Hoto Ai Hoto Ne

Wani matashi ne zaune bayan kwamfuta a shagon buga hotuna, tsinken sakace a baki. Farcen ƙaramin yatsansa ya yi zaƙo-zaƙo, da shi yake sosa kunne, da shi yake danna madannai. Ni ina kan benci ina jiran layi.

A gabansa wata dattijuwa ce riƙe da hoton marigayi mijinta, shi kaɗai ya rage mata. So take a ɗauke shi a na'ura, a faɗaɗa, ta rataya a falo.

"Ɗan nan, 'yata ta rubuto mini a takarda. Ta ce a ajiye shi a tsarin TIFF, wai shi ba ya rage ingancin hoto ko kaɗan."

Ko kallon takardar bai yi ba. "Mama, hoto ai hoto ne."

Daga inda nake ina ganin allon. Tsarin JPEG ya zaɓa, ya ja ingancin can ƙasa, irin ɗan mitsitsin da ake turawa a waya, don kwamfutar ta cika maƙil da finafinansa. Ina jin wannan matashin bai taɓa rasa abin da ba ya dawowa ba.

Hoton ya fito. Idanun marigayin sun narke, gemunsa ya yi dabbare-dabbare kamar an yi ɓarin tawada.

Dattijuwar ta daɗe tana kallo. "Allah sarki," ta ce, "idona ne ya tafi."

"Tsufa ne, Mama," in ji shi, yana ɗora jiƙaƙƙen kofin shayinsa a kan hoton na asali.